Kacici-kacicin Sama da Guguwar Rana

Ɗaliban Abare da baƙinmu na Gummi da Bukkuyum, sannunku da hanya.

Kowa a nan ya san dokar kacici-kacici. A jefo maka tambaya, ka yi ta harbi, in ka gaza ka ba da gari a faɗa maka amsa. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, mai tambayar ba shi da ikon ƙirƙiro amsa yadda ya ga dama. Da ya faɗe ta, kowa zai auna ta da alamun da ya bayar, in ba ta zauna ba yara su yi masa ihu. Wannan awon shi ne ya raba ilimi da shaci-faɗi, kuma da shi nake so mu dubi sama yau.

Ga ta farko. Garke ashirin da takwas, kowanne ya yi kiwon kwana goma sha uku ya ba ɗan'uwansa wuri, ɗaya kaɗai ke ƙara kwana guda. Mene ne? Na ga dattawa suna murmushi. Taurarin lissafin shekara ne, su Surayya da Dabaran, da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, waɗanda malaman hisabi ke bi su gaya wa manomi lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ja baya. Ku buga lissafin: 28 sau 13 ya ba da 364, ga kwana ɗaya na ƙari, 365 ke nan, shekarar rana cif. Surayya ita ce wadda yara ke kira kaza da 'ya'yanta. Ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubuce-rubuce kan lissafi da taurari da har yanzu ake nazarinsu.

Ta biyu gajera ce: mutum ɗaya, da asuba sunansa daban, da magariba sunansa daban. Gamzaki ke nan da Zara matar wata. Duniya ce guda mai kewaya rana kamar tamu, wani lokaci ta riga rana fitowa, wani lokaci ta biyo bayanta.

Duk waɗannan sun ginu kan abu ɗaya: sama ba ta saɓa alkawari. Wanda ya kai shekara talatin a cikinku zai tuna ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, da hantsi, lokacin da wata ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina, gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki. An yi salla, an yi addu'a, wasu sun ce alamar mutuwar wani babba ce, alhali tun ranar rasuwar ɗansa Ibrahim Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa husufi ba ya aukuwa don mutuwar kowa. Masana kuwa sun san ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo.

To ga ta uku, wadda ta karya wannan ƙa'ida. Haskensa ya iso cikin minti takwas, jikinsa galibi sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ba ya tayar da ƙura, ba ya kayar da zana, amma yana iya kashe wutar ƙasa guda. Ku ba ni gari kawai. Guguwar rana ce.

Rana ba faifan wuta ba ce mai zaman lafiya. Dunƙulen iska ce mai tsananin zafi, nisanta da mu kusan kilomita miliyan 150, kuma ƙarfin maganaɗisu na murɗewa a jikinta. Inda ya murɗe sosai sai a ga baƙin tabo. Tabon nan yana yawaita ya ragu a zagaye na kimanin shekara 11. Wani lokaci murɗin ya tsinke, rana ta yi walƙiya, ta feso tarin ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. In feshin ya nufo mu, sai ya daki garkuwar maganaɗisun da ke kewaye da duniya, ta girgiza, girgizar kuma ta haifar da lantarkin da ba a gayyata ba a cikin duk wata doguwar waya.

Ranar 1 ga Satumba, 1859, wani Bature a Ingila mai suna Richard Carrington yana zana tabon rana sai ya ga farin haske ya tashi a cikinsa. Ba a cika awa 18 ba duniya ta amsa. Wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka riƙa tartsatsi, wuta ta ja wasu ma'aikata, hasken nan ja da kore da aka saba gani can ƙarshen arewacin duniya ya sauko har Kyuba. A shekarar ce Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya rasu. Ƙasar nan ba ta da waya ko taku ɗaya a lokacin, don haka guguwar ta wuce ba ta sami abin kamawa ba. Yau fa? Ranar 13 ga Maris, 1989, wata guguwar da ba ta kai waccan ba ta durƙusar da wutar lardin Kwibek na Kanada cikin kimanin daƙiƙa 90, mutane miliyan shida suka yi awa tara a duhu. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar yawancin taurarin ɗan'adam 49 na Starlink da ya harba a tashi ɗaya, domin guguwa ta kumbura saman iska ta janyo su ƙasa. A Mayun 2024 taraktocin manoman Amurka masu bin GPS suka rikice ana tsakiyar shuka.

Wani zai ce, Malam, mu da wutar ma sai an ga dama, me ya dame mu? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne faɗuwar babban layin wutar Najeriya da muke ji kullum ba laifin rana ba ne, kada a ɗora mata. Amma ku tuna Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro. Mai POS ya naɗe tabarmarsa, kuɗin da ɗa ke turowa daga kudu ya tsaya, mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha don kira ɗaya. Mun riga mun ɗanɗani irin ranar da ake tsoro. Masu kama labaran Hausa a gajeren zango kuma, wataƙila rana ta taɓa taɓa ku ba ku sani ba: in ta yi babbar walƙiya, muryar takan dusashe da rana tsaka na wasu mintoci, ku yi ta bugun rediyo kuna zargin batir. Ƙasarmu ma tana da matsayi na musamman, domin wani kogin lantarki yana gudana can sama, kimanin kilomita 100, ta kan tsakiyar Najeriya. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya kan bincikensa tun yana Jami'ar Ibadan.

Abin da guguwar ba ta yi shi ma ku riƙe shi. Ba ta ƙona mutum a gona. Ba ita ke kawo zafin bazara ba. Ba ta fasa wayar da ke aljihu, ba ta cinye farantin sola ɗaya da ke kan rufi. Dogayen layuka da manyan taransifoma take nema. Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai a kashe waya da tsakar dare saboda wani haske mai kisa zai ratsa duniya, ƙarya ce tsohuwa da ake sabunta mata kwanan wata. Ku tambayi mai turo shi: wa ya auna, da me, a ina?

Ba mutanen Abare zan koya wa muhimmancin wannan tambaya ba. A 2010, da yara ke ta rasuwa a nan da Dareta da 'Yargalma, kowa da abin da yake zato, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka gwada jini aka gane gubar dalma ce daga niƙan dutsen zinari. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Masana guguwar rana su ma har yanzu rabin aikinsu hasashe ne, amma hasashen da ake dawowa a auna. Suna ganin feshin ya tashi, su ƙiyasta ranar isowarsa, sau da yawa su kuskure da awoyi. Ainihin ƙarfinsa ba ya bayyana sai ya wuce na'urorin da aka girke kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, gargaɗin da ke rage kuwa ba ya wuce awa guda. Husufi kam an riga an rubuta: 2 ga Agusta, 2027, rana za ta rufe ruf a Makka da Jidda, mu nan mu ga wani yanki nata ya rufe, 20 ga Maris, 2034, cikakkiyar inuwar za ta ratsa kudancin Najeriya. Ɗalibai, ku rubuta ranakun a bangon aji ku jira ku gani ko an yi daidai, amma kada wanda ya kalli rana da ido tsirara ko da baƙin tabarau na kasuwa.