JAWABIN SAKATAREN ƘUNGIYA A KAN TAKARDAR SHAIDAR RAI TA 'YAN FANSHONMU MAZAUNA ƘASAR WAJE



Malam Shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa mahalarta wannan taro, muna yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka taso tun da safe daga Gumel da Doka da Sabon Sarki, da baƙinmu na Zonkwa da Kafanchan. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata matsala da ta sha zuwa teburin sakatare, wato yadda ake tsayar da fanshon dattijon da ya yi wa gwamnati aiki, ya yi ritaya, sannan ya tafi ya zauna wajen 'ya'yansa a Makka ko Yamai ko Kumasi ko Yawunde. Mu ba lauyoyi ba ne, karatunmu na ajin yaƙi da jahilci ne. Amma mun yi zirga-zirgar ofisoshi a kan wannan magana har takalminmu ya cinye, kuma abin da muka gano shi za mu faɗa.

Za mu fara da labarin wani dattijonmu, ba za mu kama suna ba domin iyalinsa suna cikin wannan zaure. Bayan ƙafa ta matsa masa, babban ɗansa da ke kasuwanci a Kumasi ta ƙasar Gana ya ɗauke shi ya koma da shi can. Uwargida da jikoki huɗu suna nan Kachia, kuma fanshon nan da ke shiga banki duk wata shi ne cefanen gidan. A shekarar 2023, wadda dukkanmu muka san cuta ta cinye citta a gonakin Kachia da Kagarko da Jaba, aka wayi gari alat bai shigo ba. Wata na farko suka ce jinkirin gwamnati ne. Wata na biyu ma haka. Sai a na uku suka zo wurinmu, muka bincika, ashe an yi kiran tantancewa bai amsa ba, an ɗage sunansa daga jerin waɗanda ake biya.

To abin da yaran gidan suka yi kafin su zo shi ne darasin. Ƙaramin ɗansa ya tafi kotu ya yi takardar rantsuwa cewa mahaifinsa yana raye, ya haɗa da wasiƙar mai unguwa, ya kashe kuɗin mota ya kai. Aka dawo masa da su. Ya zo yana faɗa, yana cewa an raina mu ne don an ga mu 'yan zama ne. Muka ce masa a'a, wannan karon ba nan take ba. Rantsuwar ɗa ba ta zama shaidar ran uba, domin wanda ke cin fanshon mamaci shi ma abin da zai kawo ke nan. Shaidar rai ana yin ta ne idan mai ran da kansa ya tsaya gaban jami'in da ofishin biya ya yarda da shi, jami'in ya dubi fuskarsa, ya dubi hotonsa, ya sa hannu ya buga hatimi. Dole dattijon ya shiga mota da ciwon ƙafarsa ya yi tafiyar kimanin kilomita 250 daga Kumasi zuwa Akra, inda ofishin jakadancin Nijeriya yake. Takarda ta iso, sai kuma wata sabuwa ta ɓullo: a fayil ɗinsa na aiki Mamman aka rubuta, aka liƙa masa sunan garin kakanninsa, a fasfo kuwa Muhammad ne da sunan mahaifinsa. Sai da aka sake yin rantsuwar daidaita suna. Wata tara gidan nan suna cin bashi kafin kuɗi ya dawo.

Kafin mu shiga yadda ake yi, bari mu tsaya a kan hakki, domin akwai masu cewa wai wanda ya bar ƙasa ya bar fanshonsa. Ba haka ba ne. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare fansho da giratutin ma'aikacin tarayya, ya ce ba za a riƙe su ko a rage su ta yadda zai cutu ba sai bisa abin da doka ta yarda. Sashe na 210 ya faɗi irin wannan ga ma'aikacin jiha. Sashe na 41 ya ba ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so a Nijeriya, da fita da shigowa. Fansho hakkin aiki ne, gumin shekaru talatin ko talatin da biyar. Ba ya duba garin da aka binne cibiyar kakanka, ba ya duba inda kake kwana yau. Abin da ofis ke da ikon nema shi ne ka tabbatar masa kana numfashi, kuma idan ya tsayar da biya don bai ji daga gare ka ba, kuɗin watannin nan yana nan a matsayin ariyas, a bi shi a rubuce bayan an tantance.

Neman wannan shaida ba muguntar Nijeriya ba ce ita kaɗai. Ingila tana aika wa 'yan fanshonta da ke waje fom su cika a gaban shaida, Faransa ma haka, a Indiya kuwa watan Nuwamba na kowace shekara ake yi. Sai dai namu ya yi tsanani saboda ɓarnar da aka yi da sunayen bogi da na matattu. Mun ji yadda a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka ba shugabancin kwamitin gyaran fansho, ɗaurin shekara 8 a kan kuɗin fansho kimanin naira biliyan 2. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manya suka ci, tsoho mai sanda ne ke hawa mota ya je ya nuna fuskarsa. Abin da ciwo, amma fushi ba ya dawo da alat.

Matakin farko shi ne iyali su san wane ofis ne ke biyan dattijonsu, domin mun tarar gidaje da yawa ba su sani ba, kawai "gwamnati" suke cewa. Tun da aka yi dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sake a 2014, hanya ta rabu. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya zuwa ƙarshen Yunin 2007, irin su iyayenmu na reluwe a Kafanchan, da 'yan sanda da kwastan da ma'aikatan gidan waya, suna ƙarƙashin hukumar PTAD da aka kafa a 2013. Waɗanda suka fita bayan nan suna tsarin adashi, kuɗinsu yana hannun kamfanin fansho ko na inshora, kuma hukumar PenCom ce ke sa ido. Tsofaffin sojoji, waɗanda muke da su da dama saboda makarantar manyan bindigogi da ke nan Kachia, suna da Hukumar Fanshon Soja tasu daban. Malaman firamare da ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma kuwa nasu ofishin yana Kaduna. Kowanne da lokacinsa, kowanne da fom ɗinsa. Saboda haka kada wanda ya ɗaga tsoho zuwa ofishin jakadanci sai an rubuta wa ofishin biya an tambaye shi: wace irin takarda kuke karɓa daga wanda ke waje, wa zai sa mata hannu, kuma wata nawa take yi kafin ta mutu? A samo amsar a rubuce a ajiye.

Ga 'yan PTAD an samu sauƙi. Sun gwada wani shiri a 2021, suka buɗe shi sosai daga Afrilun 2023, wanda da Turanci suka kira I Am Alive, wato Ina Raye. Ana yin sa da wayar hannu mai kyamara da intanet. Za a shigar da lambar fansho da lambar asusun banki, a ɗauki hoton fuskar dattijo, na'ura ta gwada da hoton da suke da shi, shi ke nan. Kyauta ne, kuma an tsara a riƙa sabuntawa duk wata 6. Amma ku lura, hoton da na'urar ke gwadawa da shi, wanda aka ɗauka ne ranar da mutum ya je tantancewar ido da ido. Wanda ya bar ƙasa bai taɓa zuwa waccan tantancewa ba, waya ba za ta san shi ba, sai ya fara warware wannan da hukumar. Sannan a zaunar da tsoho inda haske yake, a cire masa tabarau, a ɗan janye hula ko mayafi daga goshi. Mun ga jika ya gwada sau goma a cikin ɗaki mai duhu yana zagin netiwok.

Idan ofishin biya ya ce takardar ofishin jakadanci yake so, to dattijo da kansa zai je, ba aike. Na Saudiyya akwai babban ofis a Riyad da ƙarami a Jidda, wanda ya fi kusa da mazauna Makka da Madina. Na Nijar Yamai, na Gana Akra, na Chadi Njamena, na Kamaru Yawunde da Duwala. Ya riƙe fasfonsa da ransa bai ƙare ba, da katin fansho, da takardar ritaya, da hotuna sababbi, da lambar NIN da ta BVN. A buga waya tukuna a ji ranakun da suke ganin jama'a da abin da ake biya, a kuma karɓi rasit. Idan wani lauya mai hatimi na can ƙasar ne ya yi shaidar, a kai ta ofishin jakadanci su tabbatar da ita, musamman idan da Faransanci ko Larabci aka rubuta, domin ma'aikacin da zai karanta a Abuja ko Kaduna Turanci ya sani. A ɗauki hoton takardar a ajiye kwafi biyu, ɗaya can ɗaya nan, sannan a aiko da ta asali ta hanyar da za a sa hannu a karɓa. Kada a ba direban mota a ce ya miƙa. Kuma kada a jira kwanakin ƙarshe. Mun ga yadda aka rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 har Maris na 2024, mun ga yadda yaƙin da ya ɓarke a Kartum a Afrilun 2023 ya tarwatsa mutanenmu na Sudan da takardunsu.

Maganar suna muna so mu nanata ta, domin ta fi shafarmu. Iyayenmu da yawa da aka ɗauka aiki, magatakarda ya rubuta musu Kano ko Zariya ko Katsina a matsayin sunan mahaifi. Wani Garba ne a fayil, Abubakar a banki. Wata an ɗauke ta aiki da sunan mahaifi, fasfo ya fito da sunan miji. Shekarar haihuwa kuwa kowace takarda da tata. A baje takardun nan a tabarma tun tsoho yana gida, a ga inda suka saɓa, a yi rantsuwar kotu a daidaita kafin ya hau jirgi. Layin wayar da banki da ofishin fansho suka sani a bar shi a hannun amintacce a gida, a riƙa sa masa kati don kada a rufe shi, domin ta nan sanarwa ke zuwa. Duk wanda ya bugo waya ya ce shi jami'in fansho ne, a turo kuɗi ko lambar sirrin katin banki zai fito da ariyas, ɓarawo ne.

'Yan'uwanmu 'yan asalin Nijar da ke zaune tare da mu, masu karɓar fansho daga Yamai, tasu ta juya ce: su ne mazauna waje. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, ƙaramin yana Kano.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole mu faɗe ta. Idan Allah Ya yi wa dattijo rasuwa a can, a sanar da ofishin biya. Mun san gidan da aka yi shiru ana ta zarar kuɗi da kati, ana cewa ai hakkin baba ne. Daga ranar da ya rasu, abin da doka ba ta ba magada ba, ba na baba ba ne, kuma ranar da aka gano, banki yana da hoton wanda ya cira. Daga cikin abin da ke na magada akwai ariyas da giratutin da bai karɓa ba yana raye, kuma ana nemansu da takardar shaidar rasuwa ta can ƙasar wadda ofishin jakadanci ya tabbatar, da takardar kula da gado daga kotu.

Wanda ya cika duk sharuɗɗa aka ci gaba da riƙe masa kuɗi, ya rubuta wa shugaban ofishin, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. In shiru ta yi yawa, akwai Ƙungiyar 'Yan Fansho ta Ƙasa, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a Kaduna kuma ba a biyan ko kwabo. Sai dai dokarta ta ce a kai kuka cikin wata 12 da faruwar abin, don haka kada a zauna ana Allah Ya isa har lokaci ya wuce. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ke da hurumin shari'ar fansho.

Kwamiti ya amince a buɗe littafi a ofishin sakatare. Duk gidan da ke da ɗan fansho a waje ya zo ya rubuta ofishin da ke biyansa, da ƙasar da yake, da watan da ya yi tantancewa ta ƙarshe, domin mu riƙa tuna muku wata biyu kafin lokaci. Iyaye mata da ba sa fita, ku turo, mataimakiyar shugabar mata za ta zo gida ta rubuta. Muna zama kowace Asabar bayan la'asar. Ku zo da kwafin takardu kawai, na asali ku bar su a akwati.