Ma'aikatar Bincike Ta Oshodi Da Abin Da Ta Yi Da Rogo, Dawa Da Waken Suya

(Jawabi domin ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci)

Jawabin wannan wata a kan wata ma'aikata ne ta Gwamnatin Tarayya da ke unguwar Oshodi a birnin Ikko, watau Legas. A taƙaice ana ce mata FIIRO. Aikinta shi ne binciken yadda za a sarrafa amfanin gona da sauran albarkatun ƙasa su zama kayan masana'antu. Tana da nisa ƙwarai. Amma aikinta ya taɓa rumbun manomin Arewa, ko da shi bai sani ba.

A zamanin Turawa, ɗanyen kaya ake fitarwa daga ƙasar nan. A loda gyaɗa da auduga da fatu a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa ya kai su Ingila. Can za a sarrafa su, a dawo da yadi da sabulu da takalma, a sayar wa manomi da tsada. A shekarar 1953 Bankin Duniya ya aiko da masana su duba tattalin arzikin Nijeriya. Cikin shawarwarinsu har da ta kafa wurin bincike domin masana'antu. Aka kafa ma'aikatar a 1956, saura shekara 4 a sami 'yancin kai.

Rogo na cikin abubuwan da ta fara sa wa hannu. Akwai rogo mai ɗaci, mai guba. Sai an fere shi, an gurza, an matse, an bar shi ya kwana biyu ya yi tsami, sannan a soya ya zama gari. Aiki ne mai cin ƙarfin mata, ga hayaƙi, ga yankan hannu. Ma'aikatar ta ƙera injunan da ke yin wannan aiki da yawa a lokaci guda. Ta kuma gwada haɗa garin rogo da fulawar alkama a yi burodi.

To, ga inda zancen ya zo gida. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama. A 1988 ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda kamfanonin abin sha suke amfani da shi. Kamfanoni suka shiga neman abin da zai maye gurbinsa. Ashe yana nan cikin rumbu. Kowace mace mai kunun zaƙi ta san tsiro. A jiƙa dawa, a baza ta, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa har ta tsira, a shanya. Shi ne ke kawo zaƙin kunu. Masanan Oshodi sun daɗe suna gwada wannan hikima da awo da lissafi, don ta yi daidai da injin kamfani. Masu binciken noma na Samaru kuma suka ba da irin dawar da ta dace, kamar gajeriyar kaura. Daga nan dawa ta sami sabon mai saye. An ɗage hanin alkama a 1992, amma kamfanoni ba su saki dawa ba.

Sai waken suya. Koko shi ne abincin yaye a gidaje da yawa. Yana cika ciki, amma ba ya gina jiki sosai. Yaron da ya dogara da shi kaɗai yakan rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafu su kumbura. Ma'aikatar ta haɗa garin koko na masara da waken suya, kamar kashi 7 na masara, kashi 3 na wake. Wannan ba ya bukatar babban inji. Uwa tana iya yi a ɗakinta da gero ko dawa. Sharaɗi ɗaya ne: a dafa waken sosai, ko a soya shi, kafin a niƙa. Ɗanyen waken suya ba ya narkewa da kyau a cikin yaro.

Da tafiya ta yi tafiya, an sami wasu ma'aikatun irinta. Akwai PRODA a Inugu, wadda aka kafa bayan Yaƙin Basasa. Akwai NARICT a Basawa ta Zariya, wadda asalinta binciken fatu da ƙiraga ne.

Sai dai akwai abin ƙorafi. Yawancin abin da aka gano yana kwance cikin takardun Turanci. Injunan kuma sun fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, ga rashin lantarki a ƙauyuka. Wannan gyara ne da ke wuyan hukuma. Amma ƙungiyar gama kai tana iya abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Ma'aikatar tana koyar da masu son kafa ƙananan sana'o'i, kamar yin sabulu da sarrafa rogo. Ƙungiyar da ke so sai ta sa sakatarenta ya rubuta takarda. Ya faɗi sunan ƙungiya, da yawan 'ya'yanta, da amfanin gonar da ta fi samu, da sana'ar da take son koyo. Malamin gona ko malamin aji zai taimaka a aika da ita.