Itacen Ud: Mu San Hajarmu Kafin Mu Kasa Ta

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa fatake da kuka zo daga Kano, Maraɗi, Damagaram, Maiduguri, Kuseri da Injamena, barkanmu da zagayowar wannan rana.

An ce in yi magana kan itacen ud, sarkin kayan turaren wuta. Da yawanmu muna saro shi a Dubai ko Jidda, har wasu na zaton a ƙasar Larabawa yake tsiro. Ba haka ba ne. Bishiyarsa, wadda masana ke kira Aquilaria, tana fitowa ne a dazuzzukan Asam ta Indiya, da Bangaladash, Kambodiya, Biyetnam, Malesiya da Indonesiya.

Bishiya mai lafiya ba ta da ƙamshi. Itacenta fari ne, maras nauyi. Sai ta ji rauni, ƙwayar cuta ta shige ta, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro don kare kanta. Ƙaron nan ne ke jiƙa itacen shekara da shekaru har ya zama ud. Ba kowace bishiya ke yin sa ba, shi ya sa yake tsada. Wanda ƙaro ya cika shi nutsewa yake yi a ruwa, har Sinawa suka sa masa suna turare mai nutsewa.

Darajarsa tsohuwa ce. Da shi ake turara Ka'aba, da shi Larabawa ke tarbar baƙo. Mutanen Sin da Indiya suna sa shi a magungunan gargajiya. A Asam ana dafa shi a tace mai, a sayar da awon tola, wato giram 12 ba kaɗan.

To, inda akwai tsada akwai algus. Wasu kan rina farin itace su jiƙa shi da man turare, wasu su cusa masa dalma don ya yi nauyi. Saboda haka kada ka saya sai ka ɗora ɗan guntu a kan garwashi mai sanyi-sanyi. Na gaske za ka ga ƙaro na tsattsafowa, ƙamshin ya daɗe. Na jabu kuwa, da man ya ƙone sai ƙaurin itace.

Sai batun takarda. Saboda yawan sara, bishiyar ta yi ƙaranci a daji. Yarjejeniyar CITES ta sa nau'i ɗaya cikin kariya a 1995, sauran kuma a 2005. Nijeriya, Nijar, Cadi da Kamaru duk suna cikin yarjejeniyar. Wanda zai ɗauko kaya masu yawa ya nemi takardar izini daga dilan da ya sayar masa, kada jarinsa ya maƙale a hannun kwastan ko duwan.

Yanzu ana shuka bishiyar a gonaki, ana yi mata allura don ta yi ƙaro. Wannan ma halak ne, amma a faɗa wa mai saye na gona ne, kada a ce na daji. Uwar da ta tara kuɗi don turaren 'yarta amarya amana ta ba ka. In ka cuce ta a Maraɗi, labarin zai riga ka isa Kano.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu a hanya.