Hamburg: Tashar Jiragen Ruwan da Ba Ta Bakin Teku



Da yawa muna zaton Hamburg a bakin teku take. Ba haka ba ne. Jirgin da ya baro Tekun Arewa sai ya yi tafiyar kusan kilomita 100 a cikin kogin Elbe kafin ya sauke kaya. Abin da nake son nunawa a wannan takarda shi ne, nisan nan ne jarin birnin, shi ne kuma ciwon kansa.

Jari ne domin dakon ruwa ya fi na tirela arha, kuma kogin kan kai kaya har cikin ƙasa. Daga tashar, kusan rabin kwantenonin da za su wuce gaba jirgin ƙasa ne ke jan su zuwa kudancin Jamus, Ostiriya, Poland da Jamhuriyar Cek. Babu tashar ruwa a Turai da ta kai ta hada-hadar layin dogo. Fatake sun daɗe da gane wannan: tun 1241 Hamburg ta ƙulla ƙawance da birnin Lübeck, kuma a 1888 aka buɗe yankin da kaya ke zama ba a biya musu kuɗin fito ba. Rumbunan jan bulo na Speicherstadt, inda aka riƙa tara kofi da shayi da dardumai, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Ga mu Hausawa ma birnin ba baƙo ba ne, don a nan aka haifi Heinrich Barth, wato Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851 ya yi mamakin kasuwancinta.

Ciwon kan kuwa laka ce. Jiragen zamani sun yi girma, manyansu sai sun jira ruwa ya ciko kafin su shiga. An kammala zurfafa Elbe a 2022, amma laka ba ta daina dawowa ba, yashe kogin kuma kuɗi ne kowace shekara. A 2007 tashar ta sarrafa kwantena kusan miliyan 9.9, a 2023 kimanin miliyan 7.7. Rotterdam da Antwerp sun yi mata nisa, ita ce ta uku.

To me ya sa har yanzu masu zuba jari ke rububinta? A ganina, saboda abin da ya tsiro a bayan tashar. A Finkenwerder kamfanin Airbus ke harhaɗa jiragen A320, Lufthansa Technik na gyaran jiragen sama, Aurubis na narkar da tagulla, Beiersdorf mai man Nivea da kamfanin jiragen ruwa na Hapag-Lloyd duk a nan hedikwatarsu take, haka mujallar Der Spiegel da jaridar Die Zeit. Birni ne mai mutum kusan miliyan 1.9, kuma jiha ce mai gwamnatin kanta, saboda haka ɗan kasuwa ba ya yawo tsakanin hukumar gari da ta jiha. Sai dai hayar gida da tsada, kuma ɗakin kiɗa na Elbphilharmonie, da aka buɗe a 2017, ya cinye sama da yuro miliyan 800, ninkin-ba-ninkin abin da aka fara faɗa wa jama'a.

Wata muhawara mai zafi kuma ita ce ta mallakar tashar. A 2023 kamfanin COSCO na Sin ya samu kashi 24.9 cikin ɗari na matsayar kwantena ta Tollerort, bayan taƙaddama a gwamnatin tarayya da ke Berlin. A 2024 kuma kamfanin jiragen ruwa na MSC ya shiga HHLA, babban kamfanin sauke kaya, da kashi 49.9, duk da zanga-zangar ma'aikatan tasha. Gwamnatin birnin ta riƙe 50.1, a kan alkawarin MSC na ƙaro kwantena.