Zane a Matsayin Hanyar Tsara Tunani: Darasi Daga Taswirar Sarkin Musulmi Bello



Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa zane hanya ce ta tsara tunani, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1824 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya yi tafiya daga Kano zuwa Sakkwato. Da zance ya kai ga kogin Kwara, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi. Daga baya aka ba shi taswira a takarda da bayani cikin Larabci, aka buga ta a Landan a 1826.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, zane yakan tara garuruwa da hanyoyi da koguna wuri guda, ido ya gan su gaba ɗaya. Na biyu, gaskiyar zane ba ta wuce sanin mai zanen. Takardar ta nuna Kwara ya nufi gabas har ƙasar Masar, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin har bakin teku.

A zamanin nan, Tony Buzan ne ya yayata dabarar a Ingila tun daga 1974, watau a rubuta jigon magana a tsakiyar takarda, a fitar masa da rassa, kowane reshe da nasa batu. Duk wanda ya taɓa zana salsalar gidansu ya san ta.

Alal misali, ma'aikacin da aka tura Moriki ya sasanta manoma da makiyaya sai ya sa burtali a tsakiya. Reshe ɗaya gonakin da ke maƙwabtaka da shi, ɗaya mashaya, ɗaya hakimi da dagatai da arɗo, ɗaya kuma hanyoyin da garke ke bi zuwa Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda. Reshen da ya rage babu komi a kansa, nan ne bincike ya gaza. Wajibi ne ya koma ya tambayi dattawan ɓangarorin biyu kafin ya rubuta rahoto, domin layin da aka ja bisa zato yana iya raba mutum da gonarsa, ko ya toshe wa garke hanyar ruwa.

Allah ya sa a dace, amin.