Jawabin Shugaban Taro a Bikin Sallamar Matasan Zumunta Masu Tafiya Maraɗi, a Na'ibawa, Kano



Aikin waɗannan yara a bayyane yake. Sun yashe kwatoci kafin damina, sun ba da jini a asibiti, sun ziyarci 'yan kurkuku, sun koyar da karatu a lokacin hutu, sun tallafa wa gwauraye da marayu. Yau za su ɗauki hanyar Katsina, su ƙetare iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, su yi hidima a ƙarƙashin ikilisiyar da ta gayyace su. Mun gode wa Allah.

Maganata ɗaya ce, kuma da manya nake. Tafiyar nan za ta yi amfani ne in akwai kuɗin komawa baɗi da baɗin baɗaɗa. Ku duba tarihi. Asibitin Ido na ECWA da ke nan Kano, a 1943 'yan mishan na SIM suka buɗe shi. Asibitin Galmi a Nijar, 1950. A Danja, kusa da Maraɗi, an soma da jinyar kuturta, daga baya aka ƙara da sashen gyaran yoyon fitsari. Duk suna aiki har yau domin an sami masu zuba kuɗi da masu zama shekara da shekaru. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonakin Maraɗi suna da rai, sai ya riƙa nuna wa manoma yadda za su bar tohon ya girma a lokacin sassabe. Da farko mutane sun ƙi. Ya zauna da su, manoma suka karɓi abin ya zama nasu, yau miliyoyin hekta sun sake yin itatuwa. Da mako biyu ya yi ya koma gida, da babu mai tuna sunansa. Bulus da Barnaba ma, bayan ikilisiyar Antakiya ta aike su, sai da suka bi sawu suka sake ziyartar garuruwan da suka yi wa'azi.

 

Wasu sun ce gida bai ƙoshi ba, me ya kai mu waje? Gaskiyarsu a kan wahala. Masana'antu da yawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai sun rufe ko sun rage ma'aikata saboda matsalar lantarki da kayan waje, kuma 'yan'uwanmu na cikin waɗanda abin ya shafa. Amma matasan da suka yashe kwatocin Na'ibawa su ne masu tafiya, babu aikin gida da aka bari. Kuma ƙungiyar masu bishara ta EMS, wadda aka kafa a 1948, manoma da leburori ne suka ɗauke ta da baikonsu, a lokacin da hannu ya fi na yau bushewa. Wasu kuma sun ce a nemi tallafin Turawa. Wanda ya biya shi ke tsara aiki, ranar da ya gaji kuma aiki ya tsaya. Masu tsoron iyaka su ma ina jin su, domin mun ga yadda aka rufe ta a 2023 bayan juyin mulki a Yamai. Shi ya sa nake neman asusu mai ɗorewa: shekarar da hanya ta toshe, sai a tura kuɗin ga ikilisiyar can ta ci gaba da aikin.

To, 'yan kasuwarmu na 'Yan Katako da 'Yan Lemo, da masu albashi a kamfanoni, alkawarin da aka yi a gaban makirfo ba ya sayen man mota, ba ya canzuwa zuwa sefa. Wasu alkawuran bara suna nan a littafin ma'aji. Ba zan kira suna ba, amma a biya kafin motar nan ta tashi. Ina roƙon dattawa su ware baikon Lahadi ɗaya duk wata uku domin wannan asusu, ma'aji ya riƙa karanta lissafi a gaban jama'a.

'Ya'yana masu tafiya, ku bi umarnin faston da zai karɓe ku, ku gaida mai gari, ku girmama maƙwabta Musulmi, kada ku ɗauki hoton majinyaci sai da izininsa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya. Na buɗe wannan asusu da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa, kowa ya biya ta wurinsa kafin ya fita.