Direban da aka kama da maye karo na farko: me zai tarar a kotu?

Jama'a masu saurare, maza da mata, musamman ku ɗaliban yaƙi da jahilci na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Maganarmu ta yau ba ta da daɗin ji. Mun san giya haramun ce ga Musulmi, kuma abin kunya ce a garuruwanmu. Shi ya sa idan an kama mutum yana tuƙi cikin maye, sai ya ɓoye, iyalinsa ma su ɓoye. Ba ya tambayar kowa. Haka zai je gaban alƙali bai san komai ba, ya ƙara wa kansa wahala a kan wahala. Wataƙila ba kai ba ne. Amma kana da ƙane mai kabu-kabu, ko ɗa yaron mota, ko maƙwabci direban kamyo. Saboda haka ka saurara da kyau.

Da farko, me ya sa hukuma ta hana? Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ce "ɗaya". Idan gudun ya kai kilomita 90, kamar yadda ake yi a kan babbar hanya tsakanin Ƙwanni da Maraɗi, mita 25 ne. Giya tana sa ido ya makara, ƙafa ta makara wajen taka birki. Daƙiƙa ɗaya ta makara ta isa a kaɗe yaro ko amalanke. Kuma giya ba ta fita daga jini da sauri. Hanta ce take aikin fitar da ita, a hankali. Babbar kwalbar biya guda tana iya ɗaukar wajen awa 3. Goro ba ya kore ta, shayi mai ƙarfi ba ya kore ta, wanka da ruwan sanyi ma haka. Wanda ya sha da yawa da dare yana iya wayar gari da sauranta a jikinsa. Burkutu giya ce. Ƙwayar tramol ita ma tana gusar da hankalin direba. Dokar hanya ta Nijar, wadda aka sabunta a shekara ta 2014, ta hana tuƙi cikin maye.

To, mu ce abin ya riga ya faru. Jandarma ko ɗan sanda ya tsayar da kai. Za a iya sa ka hura iska cikin wani ɗan bututu mai auna giya, ko a kai ka likita a ɗebi jininka. Kada ka gudu. Gudu bayan hatsari laifi ne na dabam. Kada ka miƙa kuɗi don a rufe magana, wannan ma laifi ne, kuma ya fi na farko muni. Za a iya tsare ka a komisariya ko wurin jandarmomi har awa 48, kuma alƙali mai shigar da ƙara yana da ikon ƙara lokacin. Kana da haƙƙin neman lauya. Ka roƙi a sanar da iyalinka inda kake.

A nan ne karatunka zai fara yi maka rana, ɗan uwa. Jami'in zai yi maka tambayoyi, ya rubuta amsoshinka a wata takarda da ma'aikata suke kira PV. Daga ƙarshe zai ce ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Wannan takarda za ta riga ka zuwa gaban alƙali. Ita zai fara karantawa kafin ya ga fuskarka. Idan ka ce kwalba ɗaya aka rubuta uku, ko ka ce ƙarfe 7 aka rubuta ƙarfe 11, a kotu za a ce ai kai ka sa hannu. Tun watan Maris na shekara ta 2025 aka ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma Faransanci yana cikin harsunan aiki, kuma da shi ake rubuta irin waɗannan takardu. Za ka ce: "Malam, ni Hausa na koya, ina ruwana da Faransanci?" Ai baƙaƙen iri ɗaya ne, alƙaluman lissafi ma iri ɗaya ne. Za ka iya gane sunanka da sunan mahaifinka. Za ka iya gane kwanan wata, da lokaci, da lambar motarka ko babur ɗinka. Sauran kuwa ka ce a fassara maka, jimla bayan jimla. Idan akwai abin da ba ka faɗa ba, ka ce a gyara kafin ka sa hannu. Ka faɗe shi da ladabi. Ba rashin kunya ba ne.

Daga nan sai a kai takardunka wurin alƙali mai shigar da ƙara. Shi ne mai magana da sunan jama'a. Ko dai ya sa a gurfanar da kai cikin gaggawa, tunda an kama ka kana cikin aikata laifin, ko a sake ka a ba ka sammaci. Idan gaggawa ce, kana iya roƙon ƴan kwanaki don ka shirya kare kanka. Idan sammaci ne, abu uku za ka nema a ciki: rana, lokaci, da sunan kotun. Ka kwafe su a littafinka na aji. A ganina babu wautar da ta kai ta mutumin da ya karɓi sammaci ya cusa a ƙarƙashin tabarma, ya tsallaka iyaka wai ci-rani. Shari'a ba ta tsayawa don ba ka zo ba. Za a yanke hukunci a bayan idonka, babu wanda ya faɗi alherinka ko ɗaya.

Wanda ba shi da kuɗin lauya kada ya yanke ƙauna. A shekara ta 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa ƙarfi a sha'anin shari'a. Tana da ofisoshi a manyan kotuna. Ka je ka tambaya, za su yi maka bayani, su duba ko ka cancanci a ba ka mai kare ka.

Ranar shari'a ka yi sammako. Ka sa tufafi masu tsabta. Ka riƙo katin ɗan ƙasa, da permi, wato takardar izinin tuƙi idan ba a karɓe ta ba, da takardun mota, da asirans. Idan kana da mai gida a wurin aiki, takardar shaida daga gare shi tana da amfani. A cikin ɗakin za ka ga alƙali a tsakiya. A gefe guda ga mai shigar da ƙara, a ɗaya gefen ga magatakarda mai rubuta duk abin da aka faɗa. Idan ba ka jin Faransanci, ka faɗa tun farko, za a sa tafinta. Kada ka riƙa gyaɗa kai kana cewa "wi, wi" a kan abin da ba ka gane ba.

Alƙali zai tambayi sunanka, ya gaya maka laifin da ake tuhumarka da shi, ya tambaye ka yadda aka yi. Ba shari'ar addininka yake yi ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Shari'ar tuƙinka yake yi. Ka amsa abin da aka tambaye ka, a taƙaice. Idan ka sha, ka ce ka sha. Alƙalai sun gaji da jin "maganin gargajiya ne" da "abokai ne suka zuba mini a lemo", alhali sakamakon awo yana gabansu. Idan kuwa da gaske ba ka sha ba, ko an yi kuskure, ka tsaya a kan gaskiyarka, ka kawo shaidunka. Bayan shaidu, mai shigar da ƙara zai faɗi hukuncin da yake nema. Kada gabanka ya faɗi, wannan roƙo ne, ba hukunci ba ne tukuna. Sai lauyanka ya yi magana. Kai ne mai magana ta ƙarshe. Wani lokaci alƙali ya yanke a ranar, wani lokaci ya sa wata rana.

Hukuncin yana iya zama tara, ko janye permi na wani lokaci, ko gidan kaso, ko a haɗa su. Idan ka ji wa wani rauni ko ka yi sanadin rai, magana ta yi nauyi ƙwarai, kuma waɗanda aka cuta suna da haƙƙin neman diyya a wannan zama. Asirans na tilas an yi shi don mutanen da ka cuta. Ba ya biyan tararka, ba ya shiga kaso a madadinka. Idan ka biya tara, ka karɓi takardar shaidar biya, ka adana.

Yanzu ga wurin da karo na farko yake da amfani, kuma ga wurin da mutane suka fi ruɗewa. Wanda ba a taɓa ɗaurewa ba, alƙali yana iya yi masa ɗaurin je-ka-ka-gyara-halinka, wanda ake kira sursi. Misali ya ce: wata 3, amma da sursi. Mutum ya koma gida a ranar, dangi su yi ta barka, a ce ya ci shari'a. Bai ci ba. An same shi da laifi, an yanke masa wata 3, sai dai an rataye su. Suna nan a rataye har shekara 5. Idan a cikin shekarun nan ya sake yin laifin da aka yanke masa ɗauri, zai yi wata 3 na farko, sannan ya yi sabon hukuncin, kuma na biyu yakan fi tsanani. Sursi kuma ba tilas ba ne a kan alƙali. Yana dubawa ne: ka zo da kanka? Ka faɗi gaskiya? Ka je ka duba wanda ka kaɗe? Kana da aiki da iyali? Hukunci yana shiga rajistar kotu da ake kira kaziye. Idan an janye maka permi, kada ka taɓa sitiyari ko kan babur har wa'adin ya cika, ko da ƴar tafiya ce zuwa kasuwa. Ga direba wannan ya fi tara ciwo, don abincinsa ne ya tsaya. Gara ka nemi wanda zai riƙe maka motar tun kafin ranar shari'a.

Idan ba ka yarda da hukuncin ba, kana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sama, kamar ta Yamai ko ta Damagaram. Kwana 10 kake da su daga ranar da aka yanke hukunci a gabanka. A ofishin magatakardan kotun da ta yi shari'ar ake rubuta wannan buƙata. Ka yi shawara da lauya tukuna, don ɗaukaka ƙara ba kullum take rage hukunci ba.

Ga aikin da za ku yi a aji cikin wannan mako. Malaminku zai rubuta muku sammaci na gwaji a allo. Kowa ya nemo rana, da lokaci, da sunan kotu, ya kwafe a littafinsa. Sannan ku yi wannan lissafi: an yanke wa mutum hukunci ranar 3 ga wata, yana da kwana 10. Wace rana ce ta ƙarshe da zai iya zuwa ofishin magatakarda? Ku kai wa malaminku amsa. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.